Turbon da na zaɓa wa motar marigayi

Shekarun baya kaɗan, lokacin da nake ganin duk Kaduna babu wanda ya kai ni sanin mota, alhali ko keke ban mallaka ba, wani abokina ma'aikacin gwamnati a Malali ya gaji motar yayansa. Tsohuwar motar Jamus ce mai ƙofa biyu. Marigayin da hannunsa ya kwance injinta ya sake haɗawa, kuma har ya rasu yana cewa saura turbo ya sa mata. Turbo wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi, yana cusa wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi.

Bayan sadakar arba'in abokina ya ce zai cika wa yayansa burinsa, in raka shi. Ni kuwa ilimina duka daga bidiyon waya ne, amma na gyara hula na shiga gaba.

Muka je garejin wani dattijon bakanike Bakatsine a Hayin Banki. Ya shimfiɗa kwali ya jera mana turbo guda uku. Ƙarami ɗan Kwatano, sabo ɗan Chana yana ta ƙyalli, da wani ƙato da aka ciro daga motar tsere, wallahi ya kusa kai tukunyar biki.

Ya ce, "Yallaɓai, ƙaramin nan kana taɓa totur zai amsa, kuma bai wahalar da inji. Na Chana ban ɗaukar maka alkawari. Babban nan kuwa sai ya yi nawa kafin ya farka, in ya farka injin nan bai iya ɗaukar shi. Tsoho ne."

Na ce, "Haba Baba, tsoron me? Marigayi mai son gudu ne, ka sa masa wannan ɗan kofin shayin? Mutumina, ɗauki babban. Kafin ka sa giya ta uku ka wuce Zariya."

Baban ya dube ni sama da ƙasa. "Kai wace mota kake ja?"

Na ce tana wajen fenti.

Abokina ya yi dariya, karon farko tun rasuwar. Ina jin dariyar nan ce ta sa ya bi maganata.

Ranar gwaji muka wuce Kawo muka hau hanyar Zariya da hantsi. Abokina ya taka totur, shiru, kamar jaki ya ƙi tafiya. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai abin ya farka. Kaina ya manne da kujera, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Ba mu yi nisa ba farin hayaƙi ya turnuƙe mu, lagireto ya tafasa, motar ta mutu a gefen titi.

Abokina ya buɗe bonet ya tsaya kawai yana kallo. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Da aka jawo ta gareji Baba ya ce gaskit ya ƙone, fistin ɗaya ya fashe, mafi sauƙi a sauke injin a ɗora wani. Abokina ya girgiza kai.

"Baba, a duk motar nan injin ne kawai Yaya ya haɗa da hannunsa. In ka sauke shi, motar wa zan riƙa ja?"

Baban ya ce a ba shi lokaci. Wata biyu yana fama. Ni ne ɗan aiken neman kaya, na zaga kasuwar kayan gyara har masu shago suka fara tambayata ko na samu rumfa. A ƙarshe injin ya tashi, aka ɗora masa ƙaramin turbon.

Motar tana nan har yau. Abokina da ita yake zuwa ofis, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, gilashi a sauke don ya ji ɗan fiton da turbon ke yi. Ashe shi bai taɓa damuwa da gudu ba, ni ne ban tambaye shi ba, na tsaya nuna iyawa a kan abin da ya rage masa na ɗan'uwansa.

Bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Kuma duk surutun nan nawa da kuka sani, in na shiga motar nan ya tayar da ita, bakina mutuwa yake yi. Tare muke sauraro.