Garin Kafintoci a Kulle

Alƙahira

Ana idar da sallar asuba na bar ɗakina na Giza, da jaka ɗaya da ƙunshin kilishi na tsaraba. Ina karatu ne a Masar, Baba kuwa kafinta ne a Kano, kuma masu inji sun fara ƙwace masa kasuwa. Franko, wani Ba'italiye maƙwabcina, ya sha ce mini, “Ka zo garinmu Lisone duk ran da ka ga dama, in sa ka wurin kawuna ka koyi injin katako.” Shi ya riga ni tafiya hutu. Ni da aka ce in zo, wace sanarwa kuma zan yi? Na fasa zuwa gida na bi shi.

A tasha mai tasi ya ce, “Italiya a Agusta? Ma'alish, sai haƙuri!” Na zaci iyayi ne irin na Misirawa.

Iskandariya zuwa Milano

Jirgin ruwa ya wujijjiga ni har na tsani ƙamshin abinci. Da muka sauka Benis ta Italiya, jami'in kwastan ya sunsuna kilishina ya jefa a kwandon shara, ina ji ina gani. Kilishin da aka aiko mini tun daga Kano! Na haɗiye, na hau jirgin ƙasa.

Lisone

Garin yana arewa da Milano, tafiya kaɗan, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kana hango duwatsu can nesa. Na sauka da rana tsaka, sai na ga kamar an yi shara. Kowane shago an ja ƙofar ƙarfe. Na leƙa ta wata taga, ga injuna nan an lulluɓe su da tamfol.

A gidan su Franko na yi ta bugu har wata tsohuwa ta leƙo daga bene. Ta taɓa zama Iskandariya, tana jin Larabci kaɗan.

“Suna bakin teku, ɗana. Duk garin. Sai watan gobe.”

“Har kawun?”

“Har karensa.”

Kai jama'a! Gari guda ya rufe sana'a ya tafi wanka? Wallahi raina ya ɓaci.

Tsohuwar ta ba ni burodi da cuku, ta kama hannuna wai sai ta nuna mini garin. Nan gonaki ne a da, in ji ta, ana kiwon tsutsar siliki. Manoma suka fara sassaƙa kujeru lokacin sanyi, masu kuɗin Milano suka yi ta saye, har sassaƙa ta cinye noma. Ta nuna mini coci, ta nuna hanyar garin Monza. Ni dai ƙofofin nan nake kallo. Bizata ba za ta kai watan gobe ba, don haka da safe na juyo.

Komawa

Na iso Giza a rame. Alhamdu lillahi da na dawo lafiya, tsohuwar nan kuma Allah Ya saka mata.

Da hutu ya ƙare sai ga Franko, ya yi jawur da rana, yana dariya.

“Haba Sani, ai kowa ya san Agusta watan hutu ne!”

“Kowa a garinku,” na ce. “Yalla, tafi, ba ni wuri.”

Ranar ce wani ɗalibi da ya dawo daga Kano ya gaya mini Baba ya ji na tafi koyon inji, har ya rushe rabin rumfarsa, yana gyara wurin da zan kafa inji.