Uwar Dattawa ta Sashen Ciwon Daji

Da safe, tun ba a gama goge barandar sashen masu ciwon daji ba, za ka hango ta tafe da farar rigarta a kafaɗa, tana tsayawa a kowane benci tana gaida masu jira. Ma'aikata sun daɗe da daina kiran likitar nan da sunanta. Uwar Dattawa suke ce mata, don duk tsohon da aka kawo, ofishinta ake nufa da shi. In ya shiga, ba da sakamakon gwaji take farawa ba. Sai ta ce, "Baba, tashi ka taka zuwa ƙofa in gani." Ta lura da yadda yake miƙewa, ta tambaye shi wa ke dafa masa abinci, da magungunan hawan jini da sukari da yake sha, da ko ya taɓa faɗuwa a banɗaki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa ya dace a faɗi alherinta tana ji da kunnenta.

Lokacin da ta fara aiki, ɗayan biyu ake yi wa tsoho mai wannan ciwo. Ko a ce shekaru sun ja, a mayar da shi gida, ko a ɗura masa magani daidai da na matashi, maganin ya kayar da shi fiye da ciwon. Abin ya tsaya mata a rai.

Ma'aikatan jinya har yau suna ba da labarin wani tsohon tela da 'ya'yansa suka kawo. Babban ɗan ya ja ta gefe ya ce, "Likita, don Allah kada ki gaya masa. Ki ba shi mafi ƙarfin maganin kawai."

Ta ce, "A jikin wa za a sa maganin? Zo mu ji ta bakinsa."

Da suka shiga, tsohon ya yi dariya. "'Yata, na riga su sanin abin da ke damuna. Sai raɗa suke yi kamar na kurumce."

"To Baba, me ka fi so mu tsare maka?"

Ya ɗaga hannuwansa biyu. "Waɗannan. In ba zan iya zura zare a allura ba, me zan tashi in yi da safe?"

Maganin da aka saba bayarwa kuwa yakan kashe jin yatsu. Ta zauna da abokan aikinta, suka zaɓi wani, suka rage ƙarfinsa daidai jikin tsohon. Ba a wanye lafiya ba. Ana tsakar magani zazzaɓi ya kwantar da shi, har ɗan ya zo mata da ɓacin rai, yana cewa da an bi tasa da ba haka ba. Ta saurare shi har ya gama, ta faɗa masa gaskiyar halin da mahaifinsa ke ciki, sannan ta koma bakin gadon. Da ikon Allah tsohon ya tashi. Ya yi wasu shekaru yana taka keken ɗinkinsa kafin ya cika a gida, cikin iyalinsa.

Akwai wata sabuwar likita da ta ga duk wannan. Ta tambaye ta, "Uwa, irin Baba tela suna da yawa kuwa?"

"Ban sani ba. Ke za ki gano mana."

Haka binciken ya fara. Uwar Dattawa ba ta da sauƙi a kan aiki. Ɗalibanta kan ce in ta mayar maka da rubutunka, jan biro ya cika shi kamar an yanka kaza a kai. Bayan doguwar wahala, mujallar da aka aika wa binciken ta ƙi karɓa. Sabuwar likitar, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta zo da jaririnta ta ce ta gaji, ta haƙura. Uwar Dattawa ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta ce, "Cewa suka yi mutanen da kika duba sun yi kaɗan, kuma gaskiya suka faɗa. Ba su ce ba ki da kai ba." Ta ɗauki waya ta dinga kiran tsofaffin ɗalibanta na wasu asibitoci, har suka haɗa hannu. Da aikin ya karɓu, ta ga an sa sunanta a gaba, ta soke. "Wadda ta sha ranar ita ce a gaba," in ji ta. Saboda binciken nan, yanzu ba a fara wa tsoho magani a sashen sai an auna ƙarfinsa, an ji burinsa. Waccan likitar kuma ita za ta gaji kujerarta.

Ke ce kika koya mana cewa furfura ba dalilin yanke ƙauna ba ce. Ke ce kika reni masu bincike kamar 'ya'yan cikinki, kika tura su gaba kika tsaya a baya. Uwar Dattawa, mun gode. Allah Ya ba ki masu kula da ke kamar yadda kika kula da iyayen mutane.

Da aka gaya mata za a yi wannan rubutu, sai ta kaɗa hannu ta ce, "In dole sai kun rubuta, ku ce aikin bai ƙare ba, kuma muna neman hannu." To, matasan likitoci da masu jinya, ga saƙonta mun isar. Saura ku amsa.