Kallabin da Ya Hana Katafila Juyawa

A wajen aikin hanya babu wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Tsaf-tsaf ake ce masa, kuma ya ci sunan. Shekara ashirin da shida yana tuƙa katafila, motar nan mai tafiya a kan sarƙa tana ture ƙasa, amma ba a taɓa ganin ɗigon baƙin mai a rigarsa ba. In zai hau, sai ya tuɓe takalma ya sa a leda, ya karkaɗe ƙafafu, sannan ya zauna. Abokan aiki suna cewa ɗakin motarsa ya fi ɗakin kwanansu kyan gani, shi kuwa sai ya ce wannan ai laifin ɗakunansu ne.

Katafila ba ta da sitiyari irin na ƙaramar mota. Liba biyu ne a gaban direba. In ya ja ta hagu, famfo ya turo mai da ƙarfi ya saki kulocin hagu, sarƙar wannan gefen ta daina ja, mota ta karkata hagu. Haka ma dama. Tsaf-tsaf ya iya wannan har yana kewaye turken awo da motar da ta fi giwa nauyi, turken ko motsi ba ya yi. Da wannan hannun ya gina gida, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

To, ran nan da safe ya ja libar hagu, mota ta yi kunnen ƙashi. Ya sake ja, ta ci gaba da tafiyarta miƙe. Kafin ya tsayar da ita ta kwashe makewayin kwano da aka kafa wa ma'aikata, ta shimfiɗa shi a ƙasa kamar tabarma. Allah ya taimaka babu kowa a ciki. Leburori suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa.

Abin haushi, da rana ta take manaja ya sa wani direban ya gwada, sai ga mota tana juyawa hagu da dama ba gardama. Washegari ma haka: da safe ta ƙi Tsaf-tsaf, da rana ta bi kowa. Manaja mutumin kirki ne, sai dai abin da idonsa ya gani shi yake yarda da shi. Ya kira shi ofis.

"Baba, mota dai lafiyarta ƙalau. Ina jin hannun ne ya fara gajiya. Daga Litinin ka koma bakin ƙofa ka riƙa buɗe wa motoci. Ba abin da za a rage maka."

"Yallaɓai, hannuna lafiya lau," in ji shi. 

Gaskiyar magana, shi kansa ya fara shakka. A gida, in ya ga babu kowa a tsakar gida, sai ya ɗaga bokitin ruwa da hannun hagu ya ji ko zai yi rawa. Abinci ya daina yi masa daɗi. Hannun nan kuwa kullum yana cikin aljihu. Tsoro ne ya kama shi, tsoron a ce kujerar nan ta fi ƙarfinsa alhali yana ji yana gani.

Matarsa tana lura da shi. Ita ma tana da nata abin da ya dame ta: tsofaffin kallabanta uku sun ɓace daga kan igiyar shanya cikin shekara biyu, har ta ɗora wa akuyar maƙwabta laifi. Amma ta ajiye wannan, ta aika wa ƙanenta.

Ƙanen nan makanike ne, ana ce masa Baƙin Mai, don ko ranar hutu farcensa ba ya fari. Shi da mijin yayarsa ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Mijin Yaya, an ce ka koma rusau," in ji shi tun daga ƙofa.

"Kai ƙazami, kada ka zauna mini a kujera sai na shimfiɗa jarida."

Baƙin Mai ya saurari labarin duka, ya yi tambaya ɗaya tak: "Su da wane lokaci suke gwadawa?" Da ya ji an ce da rana, sai ya ce shi da sassafe zai zo, kafin mai ya yi zafi.

Haka aka yi. Da wani makaniken ne, da tuni ya fara zancen a sauke kuloci, aikin mako guda. Shi kuwa daga ƙananan abubuwa ya fara. Ya duba mai, cike yake. Ya girgiza sandunan da suka haɗa liba da bawul, babu wadda ta saki. Ya leƙa birki, lafiya. Sannan ya ɗaura geji, ma'aunin ƙarfin mai, a bututun kuloci, ya ce a tayar. Tsaf-tsaf ya ja liba, allurar geji ta ɗan ɗaga tana rawa, ko rabin inda ya kamata ba ta kai ba. Famfo kuma yana wani kuka siriri.

"Ka ji ko? Famfo na neman mai bai samu," in ji Baƙin Mai. "Da safe man na da kauri, ba ya wucewa. In ya yi zafi ya tsinke sai ya lallaɓa ya wuce. Akwai abin da ya tare masa hanya."

Ya shige ƙarƙashin mota, ya tsiyaye mai, ya kwance rariyar ƙarfe da famfo ke zuƙowa ta cikinta. Ya fito da ita a toshe da wani curi baƙi. Ya wanke curin da fetur, ya baza a tafin hannu. Zare ne: shuɗi, ja, da ruwan ɗorawa. Ya dubi zaren, ya dubi mijin yayarsa.

"Shuɗin nan na san shi. Ni na saya wa Yaya."

Tsaf-tsaf ya zauna a kan sarƙar mota, ko jarida bai shimfiɗa ba. Shekara biyu da suka wuce mazurarinsa mai raga ya ɓace. Shi kuma ba zai iya zuba man da ya kwana a duro cikin motarsa bai tace ba. Sai ya riƙa ɗaura tsohon kallabi a bakin mazurari, in wannan ya lalace ya saci wani. Kowace tacewa kuwa zare na bin mai.

Baƙin Mai ya fara dariya, sai ya bari, ya dunƙule zaren. "Bari in jefa a aljihu. Sai mu ce datti ne kawai."

"A'a, miƙo." Ya zaro farin hankici, ya ɗora curin a kai, ya nufi ofis.

"Yallaɓai, ga abin da ya rushe makewayi. Kallabin matata ne, ni kuma na zuba shi da hannuna. In don wannan za ka kai ni ƙofa, na yarda. Amma kada a ce hannuna ne ya mutu."

Manaja ya ji bayani, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shekara goma yana faɗa da masu ƙazanta, yau ga wanda tsafta ta ja masa. Ya ce gobe da safe zai zo ya gani da idonsa. Ya zo kuwa. Tsaf-tsaf ya tuɓe takalma, ya hau, ya kewaye turken awo sau biyu ta hagu, turke bai motsa ba. Manaja ya bar masa makulli, ya sa aka sayo mazurari mai raga.

Da yamma ya kai wa matarsa zaren a wanke, a nannaɗe cikin takarda. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Maigida, ashe kai ne akuyar?"

"Ni ne."

"Sai ka je ka ba baiwar Allah haƙuri, na jefe ta da takalmi sau biyu."

Ta ɗebo ruwa a kofi. Ya miƙo hannun dama, ta janye.

"Kwana tara ke nan kana ɓoye mini wancan a aljihu, kana tsammani ban ga bokitin ba. Da shi za ka karɓa."

Ya fito da hannun hagu ya karɓi kofin, cike fal har baki, ko ɗigo bai zuba ba.