Karan Goggo Kande da Fitilar Farce

Duk wanda ya san Goggo Kande a cikinku ya san karanta. Karan dawa ne, bai fi kamu ɗaya ba, kullum yana soke a ƙugunta inda sauran tsofaffi ke ƙulle goro. Ba ta sa hannu ko ƙafa a cikin komai sai kara ya riga ta shiga. Takalmi, tulu, bakin murhu, har aljihun rigar mijinta ranar wanki, sai ta zura kara ta karkaɗa, ta kasa kunne, ta ce, "Me ke ciki?" Sai ta ji shiru sannan hannu ya bi. Mun yi mata dariya har mun gaji. Ni Balaraba, 'yar ƙaninta da na tashi a ɗakinta, na fi kowa yi, na kuma fi kowa shan ranƙwashi.

Kun tuna ranar da muka kai ta awon hawan jini? Malamar asibiti ta miƙo abin nan da ake zura dantse a ciki, Goggo ta zaro kara ta bincike shi ciki da bai, layi na jira. Da ƙyar ta yarda. Abin na fara matse ta, ta juyo ta dube ni da idon nan nata, ta ce, "Ban gaya miki akwai wani abu a ciki ba?"

To, irin wannan matar ce Allah ya haɗa da fitilar farce.

Sana'ata lalle, kun sani. Amaren garinmu ba sa neman wani abu bayan ƙunshi, don jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce. Amma a hayin rafi, unguwar masu zuwa coci, akwai Inna Saratu, ƙawar Goggo tun suna 'yan mata. Autarta Rahila za ta yi aure bayan girbi, ta ce ita jel take so, irin jan farcen nan mai ƙyalli da ke yin makonni bai ɓare ba. Inna Saratu kuwa ta kafe, ba mai taɓa hannun 'yarta sai 'yar gidan Kande. Na je Rijiyar Zaki a Kano na yi mako biyu a wani shagon kwalliya na koyo, na dawo da kwalba ɗaya. Saura fitila, don shi jel iska ba ta busar da shi. Sai an shafa, a tura hannu cikin wani ɗan akwati mai shuɗin haske, hasken ya daskarar da shi.

Ranar da na yi wa Goggo wannan bayani tana cin tuwo ne. Lomar da ke hannunta ba ta kai baki ba.

"Akwati?" ta ce. "Hannun 'yar Saratu za ki tura a akwati, ki kunna wuta?"

Ni da rawar kai, wai zan nuna mata na san aikina, na buɗe waya ina neman hotunan farce masu kyau. Sai ga hotunan waɗanda abin ya ɓaci: yatsu sun kumbura, fata ta yi ja ta saɓule. Na kife wayar amma ta riga ta gani. Wallahi ni ma daga ranar tsoro ya shige ni. In ina shara, hannun Rahila nake gani. In ina tankaɗe, shi nake gani, a kumbure, ranar aure, gaban dangin miji, ana cewa aikin gidan Kande ne. Sana'ata ta mutu ke nan, zumuncin tsofaffin nan biyu ma ban san yadda zai ƙare ba.

Goggo ta fara da nemo hanyar da ba fitila. Ta ce in haske ake nema, ga ranar Allah nan tana dafa mu kyauta. Na tafi rijiya, ta ɗauki kwalbar nan tawa tilo, wai warinta zai kama da wuta a ɗaki, ta buɗe, ta ɗora a kan katanga ta sha iska. Kafin La'asar burushin shafawar da ke cikinta ya zama ƙusa, bakin kwalbar ya toshe. Na yi faɗa har muryata ta dushe, don ni ma ba haƙuri gare ni ba. Ta bari na gama, ta ƙwanƙwasa burushin da kara, ta ce abin da ya yi wa gashi haka, ita tana so a gaya mata abin da zai yi wa ɗan Adam.

Da na shirya zuwa Kano sayen fitila, sai na fito na tarar da ita a zaure da mayafi. Matar da rabonta da birni tun ina goye! Na roƙa, na yi fushi, na ce zan fasa. Ta ce in fasa ɗin. Haka muka shiga bas a Tsanyawa, bayan kara ya gama zagaya ƙarƙashin kujera.

Mai shagon da muka shiga a Kano dattijo ne, Allah ya ba shi ladan haƙurin da ya yi. Ya jera mana fitilu huɗu a kan tebur. Ta farko 'yar mitsitsiya ce kamar tocila, ita ce mai arha, na san idon Goggo can zai fara zuwa. Amma mutumin ya faɗi gaskiya: ba ta da ƙarfi, sama zai bushe ƙasa na ɗanye, ɗanyen jel kuwa shi ke jawo ƙaiƙayi da kumburi. Goggo ta ture ta gefe, ta ce ƙosai mai ɗanyen ciki ke nan, ba ta ci. Ta biyu irin ta da ce mai dogayen ƙwaye, ga jinkiri, ga ba ta aiki sai da wutar lantarki. Muka dubi juna. Wutar da sai mu yi mako ba mu ga ƙyallinta ba? Aka ajiye ta.

Ta ukun ita raina ke so. Fara fat, ƙananan ƙwaye jere a ciki, kafin minti ɗaya ta gama aiki. Mai shago na shirin yi mana bayanin yadda take kama kanta da zarar hannu ya shiga, Goggo ba ta jira ba. Ta zura kara.

Fitila ta kama.

Ban taɓa sanin Goggo na da irin wannan gudu ba. Kafin na juya tana bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, tana salati. Mai shago ya rantse mata wani ɗan ido ne a ciki ke ganin motsi. Ai sai ya ƙara lalata magana.

"Ido gare ta," in ji Goggo daga waje. "Balaraba, wa ya gaya mata na zo? Abin da ke ganina ban ganinsa ba zai kwana a gidana ba."

Ta huɗu ba ta da kyan gani, amma tana da makunni, sai ka danna take kamawa. Batir gare ta, ana yi mata caji a wurin mai sola. Akwai wurin da ake dannawa zafi ya riƙa zuwa a hankali. Abin da ya dawo da Goggo cikin shago kuwa, gindinta na ciruwa. Ta sa aka cire, ta ɗaga ta sama ta leƙa, ta jijjiga, ta shinshina, kara ya shiga ta gaba ya fito ta ƙasa. Sannan ta ce mai shago ya sa nasa hannun. Ya sa. Ta ce ɗayan ma. Dattijo da furfurarsa ya tsaya hannu a akwati, tana ƙirga masa yatsu bayan ya fitar. Ya haɗa mu da jel ɗin da ya dace da fitilar da ruwan goge shi, ya kuma ja mini kunne kada in shafa da kauri, don kaurin ne ke kawo zafi. Muka dawo gida, fitila a cinyar Goggo, ta riƙe ta nesa da cikinta.

Ana gobe aure, da hantsi, Rahila ta zo da uwarta. Na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, na jera kaya. Rahila ta miƙo yatsunta tana murmushi, ita ba ta san komai ba. Na tsoma burushi ke nan Goggo ta ce, "Tsaya."

Yaran cikinku ba su san wannan ba, ni ma ran nan na ji. Goggo ta taɓa haihuwar 'ya, Hajara. Tana da shekara bakwai Goggo ta aike ta akurki ɗebo ƙwai, ita tana daka. Maciji na kwance a ciki, ya sare ta. Inna Saratu ce ta goya yarinyar da gudu zuwa bakin titi, a bayanta ta cika. Tun daga ranar kara ya hau ƙugun Goggo. Inna Saratu ce ta faɗa mini daga baya, da yammar ranar. A lokacin dai na ga ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin zane, ban san dalili ba.

Goggo ta zare kara, ta ajiye shi a kan tabarma. Ban taɓa ganin ta rabu da shi ba sai za ta yi salla.

"Kara ba ya jin zafi," ta ce. "Na taɓa aika hannun yarinya inda nawa bai fara zuwa ba. Shafa mini."

Na shafa mata ja a ɗan ƙaramin yatsa. Don garaje na lafta shi da kauri, duk jan kunnen mai shago ya fice mini. Goggo ta runtse ido, ta yi kalmar shahada, ta bar wasiyya cewa akuyar nan mai ciki ta Baba ce, wato mijinta, kada a ba ni ko kaza. Sannan ta tura hannu. Gumi na bin wuyanta. Na danna.

Shuɗin haske ya cika akwati. Can sai na ga fuskarta ta yamutse, ta ciji leɓe, amma ba ta zare hannun ba sai da fitila ta mutu. Ta fitar, ta duba yatsa gaba da baya, ta ƙwanƙwasa farcen.

"Ya cije ni," ta ce, "amma bai ci ni ba. Kin cika shi ne, mai garaje. Ita ki yi mata shafe-shafe, ki danna na sanyin nan."

Haka na yi. Siriri-siriri, sau uku, Goggo na riƙe da wuyan hannun Rahila tana tambayarta me take ji a ciki. Rahila ta ce ita ba ta jin komai sai yunwa. Farce ya fito yana ɗaukar ido, ba kumburi, ba ja. Da a ce da amarya na fara da wannan laftawar, da ihunta ya tara mana unguwa.

Muna cikin murna aka kira Azahar. Goggo ta ɗauki buta, ta dubi jan farcenta, ta dube ni. Ta gurza da toka, ta gurza da dutsen wanke ƙafa, ko gezau. Sai da na jiƙa auduga da ruwan gogewa na naɗe yatsan, na ce ta zauna ta jira. Ta zauna, yatsa a sama, tana harara ta, Inna Saratu na dariya har da hawaye. Goggo ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa makara salla ba sai yau da aka mai da ita amarya da tsufanta.

Daminar da ta wuce Goggo ta rasu, bayan zazzaɓin kwana uku. Karan yana cikin jakar fitilata yanzu, kuma ku yi dariyarku, ba amaryar da ke sa hannu sai ya fara shiga. Amma kafin ya zo hannuna, Baba ne ya ɗauke shi ranar jana'iza. Ya ce da aka gama haƙa, kafin a saka ta, ya sauka ya bi kabarin da shi kusurwa-kusurwa, ba wanda ya yi dariya.

Allah ya ji ƙan Goggo Kande, ya cire mata tsoro. Ya sa abin da ta tarar a ciki haske ne mai sanyi, da Hajara tana jiranta. Amin.