Gorar Gwaggo da Injin Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na san shiruna ya yi yawa. Wasu sun ɗauka Libiya na tafi, wani har ya rubuto yana tambayar ko amarya na yi na ɓuya. Ba ko ɗaya. Ƙoda ce ta kwantar da ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Isuhu, ina gyaran injin ban-ruwa na masu noman rake a fadamun Matameye.

Da zazzaɓi abin ya fara, da amai da gudawa. Na sayi ƙwayoyi wurin mai tebur na afa. Sai ƴan dubiya suka fara zuwa, kun kuwa san halinmu, ba mai zuwa hannu rabbana. Wannan da jiƙon saiwa, wancan da sassaƙe, wata da ruwan kanwa. Kuma mutum ba ya ajiyewa ya tafi, tsayawa yake sai ya ga ka kafa kai. Ni kuma ga kara. Duk wanda ya miƙo, na shanye.

Fitsari ya fara raguwa, har ya ɗauke. Ƙafafuna suka kumbura, in ka danna yatsa sai gurbin ya zauna. Matata Zuwaira ta ce, "Malam, wannan fuskar ba taka ba ce. Tashi mu tafi asibiti."

Daga nan aka tura mu Damagaram. Aka ɗibi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Ƙodojinka sun tsaya. Za mu riƙa wanke maka jini da inji. In sun farfaɗo, ka rabu da shi. In ba su farfaɗo ba, kai da injin nan har ƙarshen rayuwa."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ƴaƴana ƙanana ne.

Amma da aka sa mini bututu a wuya aka haɗa ni da injin, sai halina ya motsa. Ina kwance ina bin jinina da ido, ya fita ta nan, ya zagaya, ya dawo ta can. Na tambayi majo, ma'aikacin jinya mai kula da mu, "Wannan doguwar kwalbar ce matatar? To ina abin da ke tura jinin? In wuta ta ɗauke fa?" Ya ce, "Malam Isuhu, ban taɓa ganin majinyacin da ke son buɗe cikin injin da ke riƙe da ransa ba sai kai. Ajiye hannunka."

Har yau ina mamakin yadda tsoka biyu da ba su fi dunƙulen hannu ba suke yin aikin da injin nan mai tsayin mutum yake yi da ƙyar.

Aka sallame ni, ina zuwa wanki sau biyu a mako. Kuɗin mota da na gwaji suka cinye awakin Zuwaira. Aka hana ni gishiri da kanwa, ruwa ma sai an auna a ƙaramin kofi. Jiƙo kuwa likita ya ce ko kurɓi ɗaya.

Ana nan sai ga Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, daga Dungu, da gora a hannu. Sunan mahaifinta na ci, shi ya sa take ce mini Babana.

"Babana, tashi ka sha. Tun zamanin da Nasara suka fara shigowa ƙasar nan kakanninmu ke shan wannan in jiki ya kumbura."

Ku faɗa mini, wa ya isa ya ce wa Gwaggo a'a? Zuwaira na tsaye tana ta ƙifta mini ido. Na ce, "Gwaggo, gobe ki raka ni Damagaram ki tambayi likita da bakinki. In ya yarda, zan shanye har gorar."

Ta kuwa bi ni, da gorarta. Ana cikin yi mini wanki aka bar ta ta leƙa daga bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tare likita. "Kai yaro, duk jinin ɗana ne wannan a waje?"

Ya ce, "Nasa ne, Inna. Ban ce maganinki ba ya aiki ba, ban san abin da ke cikinsa ba. Amma duk abin da ya sha a jikinsa yake zama, ƙodar da za ta fitar da shi tana kwance."

Muka hau mota muka dawo. Muna isa gida ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ta fasa komawa Dungu. Duk wanda ya zo da jiƙo sai ta miƙa hannu, "Kawo nan, an gode, Allah ya ba da lada." Har limamin unguwarmu sai da ta karɓe nasa.

Makonni suka wuce. Wata safiya na ji marata ta cika, abin da na manta yadda yake. Na shiga kewaye. Da na fito hawaye nake yi. Daga nan gwaji ya riƙa yin kyau, har ranar da aka zare bututun. Yanzu gwaji kawai nake komawa.

Shawarata: in fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, ku tafi asibiti ranar, kar ku jira gobe. Ku bar haɗa ƙwayar tebur da jiƙo. In za ku je dubiya, addu'a ta wadatar. In kuma ku ne a kwance kuna jin nauyin mutane, ku nemi tsohuwar da ba a yi mata musu ku zaunar a ƙofa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da Zuwaira, da ku masu addu'a.

Ita kuwa Gwaggo, safiyar nan da na fito daga kewaye na faɗa mata, guɗa ta rangaɗa. Maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar wa ya haihu.

Ta ce, "Babana ne ya yi fitsari."