Safar hannun da Baba ya ɗinka mini

Ina tsakiyar ɗinke cikin wani mara lafiya a Gusau allura ta ratsa safar roba ta soke ni a ɗan yatsa. Mutumin yana da ciwon hanta irin wanda ake ɗauka ta jini, don haka na yi watanni ina zuwa gwaji. Allah ya kiyaye, ban kamu ba. Amma labari ya riga ya kai wa Baba a Bungudu.

Baba baduku ne, kuma ba ya maimaita magana.

"Ba ki komawa ɗakin tiyata, ɗiyata, sai da safar da allura ba ta hudawa," ya ce. "Ni za ni yi miki ita."

Ga ni da 'ya'yana, ina buɗe cikin manyan mutane in rufe, amma ban iya tsallake maganarsa ba. Na ɗauki hutu na koma gida, raina a ɓace.

Har kasuwar Tsafe ya je ya zaɓo fatar akuya mai laushi. Ya ɗora hannuna a kai ya zagaye shi da gawayi, yana mitar wai yatsuna duk sun rame. Safar farko ya ninka mata fata a kan yatsu. Ya danna allurata a kai, ta lanƙwashe, ya dube ni yana murmushin wanda ya gama aiki.

Ban yi gardama ba. Na cusa ƙwayar gero cikin malmalar tuwo, na ce haka nake laluben jijiya a cikin mutum, da yatsa, ba da ido ba. Na sa safar na yi ta lalube, ban ji komai ba. Ya koma ya kankare fatar har ta yi shara-shara. Wannan karon na ji geron, allura kuma ta wuce salin-alin. Haka muka yi ta yi, ya ƙara kauri, ya rage. Ban ma faɗa masa cewa kayan tiyata sai an turara su da tururi mai zafi ba, fata kuwa ƙanƙancewa za ta yi. Tausayinsa ya hana ni.

Wata safiya na tarar da shi a zaure ya cusa hannunsa da ƙyar cikin safar mai kaurin, yana ɗinkin kuben wuƙa. Ɗinkin ya karkace kamar na ɗan koyo. Ya warware, ya sake, ya sake karkacewa. Sai ya cire safar ya ajiye.

"In ban ji hwata ba, ban ɗinki," ya ce. "Ke ma haka?"

"Haka ne, Baba."

Ya riƙe hannuna ya daɗe yana duban yatsan.

"Ki tahi aikinki. Ki yahe mini, na kasa tsare miki shi."

Ban taɓa jin Baba ya nemi gafarar wani cikin 'ya'yansa ba. Na durƙusa a gabansa ina kuka.