Gurasar da Saginbek Ya Dafa Ya Rantse

Kullum da sanyin safiya, kafin a buɗe ƙofar kwalejin noma ta garinmu, Saginbek-agai (agai muke ce wa malami don girmamawa) ya riga ya hau tudu, aljihunsa cike da jajayen tsummoki. Yana tafe yana ɗaura su a jikin ƙaya, don masu gudu su gane hanya. Shekara ashirin da shida ke nan yana koya wa ɗalibai gudun dogon zango a daji. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Wasu kwalejojin sukan ɗauko sojoji, a yi musu takardar ɗalibai, su ci gasa su ƙara gaba. Shi kuwa in lokacin kiwo ya yi sai ya ari doki ya hau duwatsu wajen makiyaya, ya zauna ya ga wane yaro ke bin tumaki ba ya haki. In iyaye sun yarda, sai ya ɗora hannu ya dafa gurasarsu ya rantse zai dawo musu da ɗansu da ƙafafunsa lafiya lau. A wajenmu ba a wasa da wannan rantsuwa. Ita ya yi wa mahaifiyar Kunduz, yarinyar da ta fi kowa gudu.

Bara shugaban kwaleji, Esenkul, ya ce in ba a ci gasar lardi ba zai rufe ƙungiyar, 'yan gudu goma sha ɗaya su bar ɗakin kwanan da aka ba su. Saura kwana biyu gasa, agai ya ga Kunduz tana taka ƙafar hagu a tsorace. Ya danna ƙwaurinta da babban yatsa, ta ciji leɓe.

"Ba komai fa, agai. Takalmin ne."

"Takalmi ne ya sa ki hawaye? Zauna, 'yata. Ƙashin ya tsage."

Esenkul ya sauko fili da kansa. "Allurar kashe zafi ɗaya ce, dattijo! Ta yi gudun, daga baya a ɗaure ƙafar. Wai kai koci ne ko ungozoma?"

"Na dafa gurasar uwarta na rantse."

"Gurasar ce za ta ba sauran wurin kwana?"

Agai ya ɗauko takardar 'yan gasa. Ya zaro biro ya soke sunanta.

Suka zo na bakwai cikin tara. Aka garƙame ɗakin. Shida daga cikin yaran suka koma kiwo ba su gama karatu ba. Har yau ana gardama a kan agai a wurin mai shayi. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya ce a gaban kowa, "Ya ceci ƙafa ɗaya, ya kashe wa shida makoma." Kunduz kanta ta daina gaishe shi.

Agai, kai ne ka bi gari gida-gida kana roƙa wa ragowar wurin kwana, biyu ka shimfiɗa musu a ɗakinka. Kai ne aka zaga a kasuwa ka sunkuyar da kai, don ka san masu zagin ma suna da gaskiyarsu. Ba ka taɓa cewa abin bai ci maka rai ba.

Makon jiya Kunduz ta sauko daga wajen iyayenta, tafiyar awa biyar a ƙasa, ba ɗingishi. Ta same shi yana kwashe takardunsa. Ta ajiye ƙunshi a kan tebur.

"Inna ta ce a ba ka," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

Ya kwance. Gurasa ce guda, dunƙulalliya, irin wadda ya rantse a kanta a gidansu. Ya daɗe yana kallonta.

Mun gode, agai. Allah Ya saka maka. Masu zuwa ɗaukar 'ya'yan mutane don su ci musu gasa, ku tambayi kanku yadda za ku mayar da su gida. Yau da safe ma tsummokin suna nan a kan tudu, sababbin ɗauri, ko da yake babu mai bin su.